Labaran da Jarkokin Ranar Alhamis

Sunansa Labaran, ko da yake tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kiransa da shi ba sai yau da nake ba da labarinsa. Abu Haisam nake ce masa in muna shiri, in kuwa ya ɓata mini rai, "wannan mutumin". Ni ce Awadiyya matarsa, mai sayar da itacen turare a layin ƙarshe na unguwar Kalakla a Khartum, kuma duk wanda ya ce muku na fi shi surutu bai yi ƙarya ba. Ai dole wani ya yi magana a gidan. Da an bar wa Abu Haisam, da maƙwabta sun ɗauka tuni mun tashi.

A Jazira, yankin noman auduga, aka haife shi, a kambo, irin zangon nan na 'yan ƙwadagon gona da ke bakin magudanar ruwa. Ya tsinci auduga har yatsunsa suka yi kanta. In an gama kaka, aka tuge karan aka tara aka cinna masa wuta saboda tsutsa, shi ake tsayarwa a gefen gona da ɗanyen reshe, kada wutar ta tsallaka ta maƙwabci. Da ya girma ya gaji da bautar gonar wani, ya hau mota ya zo Khartum, ya faɗa Mantiƙa Sina'iya, unguwar 'yan gareji, wajen masu gyaran lagireto. Rabin rayuwarsa a tsugune ya yi ta, yana liƙe hujin da ruwa ke zuba, har bayansa ya ce ya isa haka. Ɗanmu Haisam ya tafi neman nasa a Bur Sudan, muka rage mu biyu da kaji.

Gidan da muke ciki na haya ne, na Hajj Zainul'abidin mai gidan burodi, wanda kuma shi ne shugaban lajna, kwamitin unguwa. Mutum ne mai tumbi da farin rawani, ba mugu ba ne, sai dai in ya yanke magana ko uwarsa ba ta kwance ta. Gidajen layinmu duk sun ba kogi baya. Daga katangunmu zuwa bakin Farin Nilu fili ne na ciyawa da muskit, wannan ƙayar da ba ta jin sara. Da damina ruwa ya hau ya sauka, ciyawa ta taso, sanyi na shigowa ta bushe ƙayau.

Sana'ata kuwa, kowace matar aure a layinmu tana da raminta a wani lungu na tsakar gida. Ta zuba garwashi, ta jera itacen ɗalha a kai, ta shimfiɗa tabarma mai huda a tsakiya, ta zauna ta lulluɓa da bargo har wuya, hayaƙi ya yi ta dafa ta sai ta yi ja ta yi ƙamshi. Wannan turaren jiki shi ake kira duhan, ni kuma nake kawo ɗalhar. Ranar kasuwata Alhamis, don ranar ce direbobi da 'yan gareji ke dawowa da wuri, gobe Juma'a babu aiki. Sauran bayanin ku nema wajen manyanku. Maza dai wai ba su san da abin ba. Namiji zai shigo gida ƙamshi ya tare shi tun daga bakin ƙofa, ya haɗe fuska kamar daga sama ƙamshin ya sauko. Ba a faɗa, ba a tambaya, kuma kaiton namijin da zai nuna ya san ranar da matar wani ke hawa rami.

To, a wannan Alhamis ɗin da kowane miji ke gaggawar gida, nawa fita yake yi. La'asar na yi zai ɗauki ɗan murhunsa na gawayi, da jabana, tulun nan na dafa gahawa, da kujerarsa 'yar tsugune, da jarka biyu cike da ruwa, ya zaga bayan gidaje ya zauna a gindin wata bishiya har a kira isha. Tun yana zuwa aiki yake haka, ya dawo a gajiye da baƙin mai a hannu, ya ɗauki jarkoki.

"Abu Haisam, gahawar da ba ta cika kofi biyu ba ce ke shan jarka biyu?"

"Ruwa ba ya yawa."

"Ko wanka kake yi wa aljanun kogi?"

Sai ya yi murmushi ya wuce. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Ni da ke ƙamsasa matan layi kaf, ni kaɗai ce ba ni da mai shaƙa. Na hau ramina na sauka na zauna jira har ƙamshin ya salance, sau nawa ban sani ba. Da na gaji, na cike ramin da ƙasa, na kifa kwandon kaza a kai, na ce aƙalla ita za ta yi mini ƙwai.

Sai yaƙi ya zo ya watsa mu. Ba zan tsaya a kansa ba, kowa yana da nasa. Mun yi damina biyu a Gadarif wajen danginsa, a ɗaki ɗaya da mutanen da suka fi ƙarfin ɗakin. Da muka dawo muka tarar babu fanka, babu katifa, har ƙofar gida an ɓalle an tafi da ita, sai buhu muka rataya. Duk da haka na durƙusa a tsakar gidan nan na sumbaci ƙasa, na rantse ba zan ƙara ɗaura kaya a ka in fita daga cikinsa ba sai ranar da za a fitar da ni a gadon gawa. Maƙwabta suka yi ta dawowa ɗaiɗai. Matan kuwa, tun ba a gyara taga ba suka gyara rami, ni kuma na ce madalla.

Abin da ba mu kula da shi ba shi ne bayan gida. Damina biyu ba akuya ba lauje, ciyawa ta kai ƙirjin mutum, muskit ya matso har yana leƙen katanga. Abu Haisam ya tsaya ya dube shi ya daɗe. Ya je ya sami Hajj ya ce ya kamata a share, Hajj ya ce mutane ba su gama neman ƙofofinsu ba tukuna, a bari a huta.

Wata Alhamis cikin sanyi, iska na kaɗawa, ana shirin magariba sai muka ji ihu. Na fito ba ko mayafi, na ga sama ta yi ja ta bayan gidan Hajj. Wutar ciyawa gudu take kamar an biyo ta, in ta kama muskit sai ka ji yana fashewa tas tas. Ba wanda ya tsaya jiran motar kashe gobara, don ko ta zo babu ta inda za ta ratsa ƙayar nan. Da bokiti da kwano da jiƙaƙƙen buhu aka yi ta fama. Kafin a ci ƙarfinta ta cinye garken Hajj da awakinsa biyu, ta lashe rumfar wasu bayin Allah da suka dawo ba su da ɗaki sai ita, jaririyar wani gida can ƙarshen layi kuma sai a asibiti ta kwana saboda hayaƙi.

Da hayaƙin ya lafa, wa aka gani tsaye a tsakiyar toka? Wannan mutumin. Gira ta ƙone, jarkoki wayam, ga murhunsa can gefe da gawayi yana ci.

Washegari bayan sallar Juma'a lajna ta zauna a harabar masallaci. Mata ba sa shiga, amma katangar gajeriya ce, kunnena kuma lafiyarsa lau.

"Ya Labaran," in ji Hajj, "wutar nan daga murhunka ta tashi?"

"Ba tawa ba ce, ya Hajj."

"To ta wa ce?"

Ya sunkuyar da kai. Wallahi na ji kamar in tsallaka in girgiza shi. Liman ya lallaba, aka tambaye shi ta nan aka tambaye shi ta can, ya kafa ido a tabarma. Hajj ya ce tunda haka ne, daga yau kada a ƙara ganin ƙafarsa a bayan gidaje, da murhu ko ba murhu. Ranar da aka gan shi, ya nemi wani gidan haya, kuma ba a unguwar nan ba. Kafin yamma yara sun raɗa masa suna Abu Kibrit, wato uban ashana, suna bin sa suna ƙyasta yatsa.

Na ce masa, "Ka ji dai. In ka ja mini na sake ɗaura kaya, sai dai ka tafi kai kaɗai, ni a bar ni da kaji." Ya ce to.

Alhamis ta zagayo. Na ɗora shi a kan faskaren ɗalha, na ce ga aikin yi tunda an sallame ka daga wajen aljanu. Yana faskare yana ɗaga hanci yana sunsunar iska. Can ya ce, "Um Haisam, da kin haƙura da sayarwa makon nan."

"In haƙura mu ci me? Ƙamshin gahawarka?"

Ya ci gaba da faskarensa. Na shiga ɗaki in ɗauko igiyar ɗauri, ina fitowa babu shi, babu jarkoki. Murhu na nan, jabana na nan.

Nan fa zuciyata ta kawo mini abin da ta daɗe tana raɗa mini. Tsoho ya bar matarsa duk Alhamis ya je ya zauna a bayan katangar matan mutane, daidai lokacin da hayaƙinsu ke tashi, yau kuma ko gahawar ƙaryar bai ɗauka ba. Ashe ƙamshin wasu yake zuwa shaƙa! Tirƙashi. Na ɗaura ɗamara, na ɗauki muciya, na bi shi ta cikin ciyawa ina tanadin abin da zan faɗa masa, kuma abin da na tanada ba zai rubutu ba.

Na laɓe bayan wani muskit. Yana tsaye da gwangwani a hannu, ya ba katangu baya, kansa a ƙasa. Rana ta yi ja. Sai na ga faranti ya leƙo ta saman katangar wani gida, aka juye shi. Garwashi ja wur ya watsu cikin busasshiyar ciyawa. Kafin in ce innalillahi tsohon nan mai ciwon baya ya isa wurin, ya ɗebi ruwa ya yayyafa, ya bi da ƙafa yana murjewa. Bai miƙe ba wani farantin ya leƙo daga gida na gaba, sai wani can ƙarshen layi. Haka ya yi ta kai da komo yana haki, ko sau ɗaya bai ɗaga ido ya ga hannun wa ke juyewa ba.

Muciya ta faɗi daga hannuna. Ai na san wannan garwashin, ɗalhata ce.

A layinmu ba a kashe wutar rami da ruwa. Ruwa na fasa tukunyar ramin, yana kuma bar wa gida wani tsamin wari da ke kashe ƙamshin da aka sha wahala a kansa. Ga shi kuma tun muna yara aka ce mana ba a zuba wa wuta ruwa gab da magariba, kada a ƙona 'ya'yan masu wuri, wato aljanu, su rama. Barin garwashin a rami kuma ba ya yiwuwa, ga yara na rarrafe, ga miji na hanya, shi da wai bai san da ramin ba. To ina za a kai shi? Bayan katanga mana, inda ba kowa. Ni gidanmu ta gaba nake zubar da tokata tun da, don haka ban taɓa tsayawa na tambayi inda na sauran ke zuwa ba. Kada ma wani ya dube ni, itace nake sayarwa, ban haɗa da hankali ba.

Da abin ya lafa na fito. Ya gan ni ya ga muciya a ƙasa.

"Tun yaushe kake wannan?"

"Tun shekarar da muka tare. Na fito neman kaza na ga ciyawa na hayaƙi."

"Murhun fa?"

"In ba murhu, me zan ce ya kawo ni?"

"Ranar gobarar fa?"

"Ciyawar ta fi ƙarfin jarka biyu bana."

"To don me ba ka faɗa a masallaci ba, kai wane irin mutum ne?"

Ya dube ni kamar ni ce marar hankalin. "In tashi gaban liman in ce wa Hajj na san ranar da matarsa Hajja Zuhura ke hawa rami, da lokacin da take sauka? In ce na shekara da shekaru ina zaune a bayan katangarta? Gara a ce mini Abu Kibrit."

Na so in yi masa faɗa, sai na ji hawaye. Duk Alhamis ɗin da na zauna ina ƙunci ina cewa gudu na yake, ashe yana nan yana tsare mana kai, mu da muke barci da rufin kara. Na ɗauki jarka ɗaya na ce mu tafi.

Muna ɓullowa daga lungu muka yi kiciɓis da Hajj zai tafi masallaci. Ya dubi Abu Haisam, ya dubi jarka, ya dubi inda muka fito. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙarshen wata, ya Labaran. Kai ka zaɓa." Kafin gari ya waye labari ya gama unguwa a wayoyin mutane, har an ƙara masa gishiri, wai fetur ne a jarkokin.

Na ce zan je in fasa ƙwai. Abu Haisam, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya ce in na kai maganar matan mutane gaban maza bai yafe ba. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa namiji ko ɗaya ba. Na rantse. Na gwada ta wajen matan, na je na sami Hajja Zuhura, matar Hajj, babbar mai sayen ɗalhata, na ce ta gaya wa mijinta gaskiya. Ta dafe ƙirji, awarwaron zinariya suka yi ƙara. "Ni? In ce wa Hajj ni na gasa masa awaki? Haba Awadiyya, ɗan garwashin da bai cika faranti ba! Ai kowa na zubawa, shekara nawa ba abin da ya faru." Na ce ai kuwa ba abin da ya faru. Na fito ina tafasa.

Kwana na yi ina juyi, sai dabara ta faɗo mini, har na yi dariya ni kaɗai kaza ta firgita.

Na sami Hajj a gidan burodi, na yi ƙasa da murya kamar mutuniyar kirki. Na ce mun karɓi hukunci, alfarma ɗaya muke roƙo. A bar tsohon nan ya dafa wa manyan layi gahawar sallama a wurin zamansa, Alhamis ta ƙarshe, a gaban idonsu, a yafi juna a rabu lafiya. Hajj ya ji daɗin ladabina, ya ce babu laifi. Daga nan na bi gida gida na raba wa matan ɗalha mai kyau, ja mai nauyi, kyautar bankwana. Na ce musu mazanku duk suna wajen gahawar Abu Haisam har isha, ku saki jiki. Ba wadda ta tambaye ni a ina, ni kuma ban ga dalilin cika su da surutu ba.

Ni ba mahaukaciya ba ce. Kwana da kwanaki ina fita da lauje da asuba ina rage ciyawar gindin katangu, na kuma sa mai amalanken jaki ya sauke mini ganga biyu na ruwa a gindin bishiya, na ce na wanke kofuna ne.

Ranar na jera kujeru da kaina, kowane mutum a bayan katangar gidansa, na ce don kowa ya sha inuwar abinsa. Abu Haisam ya dubi kujerun, ya dubi gangunan, ya dube ni.

"Um Haisam, ki ji tsoron Allah."

"Na faɗa wa wani wani abu?"

Suka zo cikin fararen jallabiyoyi da rawuna, Hajj a gaba, liman a gefensa. Aka zuba gahawa da citta, aka sha aka ƙara. Hayaƙi mai ƙamshi ya fara tasowa daga kowane gida, mazan nan kowa ya haɗe fuska yana maganar tsadar siminti, wai ba su ji komai ba. Rana ta yi ja. Liman ya duba agogo ya ce a shimfiɗa tabarmi a yi magariba a nan.

Sai muka ji murya daga bayan katangar Hajj, muryar da duk Kalakla ta sani.

"Bismillahi! Masu wuri, ku kauce da 'ya'yanku!"

Hannu ya leƙo da faranti, awarwaron da Hajj ya sayo da kuɗinsa suna walƙiya, aka juye. Masu wuri dai ban san ko sun kauce ba, amma Hajj bai kauce ba. Rabin garwashin a kan rawaninsa ya sauka, sauran a cinya. Ya yi tsalle irin wanda ban zaci tumbin nan zai iya ba. Bai dire ba na gidan direban bas ya sauko, sai na gidan tela, sai na mai shagon waya. Liman yana cewa subhanallahi, subhanallahi, yana ja da baya, sai ga nasa daga katangarsa, daidai cikin takalmansa. Jama'a, na ga manyan mutane suna rawar da ba a koya musu ba, kowa na kakkaɓe abin da matarsa ta aiko masa.

Dariyata ba ta yi nisa ba. Can ƙarshen layi, inda laujena bai kai ba, iska ta ɗauki wani garwashin ta cusa cikin ciyawa, wuta ta miƙe tsaye ta nufi gidan mai jaririyar nan. Na ce shi ke nan Awadiyya, kin kashe mutane da wayonki. A nan na ji muryar mijina yadda ban taɓa jin ta ba. "Ku bar kanta! Ku tare gabanta! Ku jiƙa riguna!" Mazan suka tuɓe jallabiyoyi suka tsoma a ganga, ya jera su kamar yadda ake yi a gonar auduga, suna dukan gefen wutar suna matse ta zuwa wurin da ya riga ya ƙone. Da ƙyar aka kashe ta, saura taku kaɗan ta kama rufin. Hannun Abu Haisam na dama ya sale har gwiwa, tabon na nan har yau.

Aka tsaya ana haki, kowa daga shi sai singileti. Kawunan mata suka leƙo ta saman katangu, suka ga abin da ke ƙasa, suka nutse kamar ba a taɓa halittarsu ba. Rawanin Hajj na ƙasa yana hayaƙi. Abu Haisam ya ɗebi ruwa a gwangwani da hannun hagu ya zuba masa, kansa a sunkuye kamar kullum.

Hajj ya daɗe yana kallonsa. "Tun yaushe, ya Labaran?"

"An daɗe, ya Hajj."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗi me?"

Hajj ya ɗauki jiƙaƙƙen rawaninsa. Ya dubi katangarsa, ya dubi liman da ke tsaye ba takalmi. Liman ya yi gyaran murya ya ce lokacin salla na wucewa.

Washegari lajna ta sanar a masallaci cewa bincike ya nuna iska ce da busasshiyar ciyawa ke jawo gobara. Ba wanda ya yi tari. Aka kira gayya, maza suka fito da gatari da fartanya, aka share fili mai faɗi tsakanin katangu da ciyawa tun daga farkon layi har ƙarshensa, aka tone muskit daga saiwa don in an sare shi kawai dariya yake yi ya dawo. Aka yanke cewa duk ƙarshen damina za a sake, kafin ciyawa ta bushe. Abu Haisam kuma, da hannunsa ya warke, ya tattaro manyan gwangwanayen madara ya yi musu murfi mai kamawa, a zuba yashi rabi, a juye garwashi a rufe, ya mutu da kansa ba ruwa ba faɗa da masu wuri. Duk wadda ta zo sayen ɗalha sai ta nuna mini gwangwaninta, in babu ta koma. Hajja Zuhura ta yi wata ba ta gaishe ni ba, daga baya ta aiko, don ɗalhar kasuwa ba ta kama ƙafar tawa ba.

Hajj bai ce a yi haƙuri ba, ba a haife shi da kalmar a baki ba. Ƙarshen wata ya zo, na zauna a tsakar gida na ƙi ɗaure ko cokali. Da hantsi sai ga amalanke ya tsaya a ƙofarmu, Hajj na biye. Ƙofar ƙarfe ce sabuwa, shuɗiya. Ya yaye buhun nan da hannunsa, ya tsaya har aka kafa ta, ya miƙa wa Abu Haisam makulli. Wani yaro da ke wucewa ya ce Abu Kibrit, Hajj ya bi shi da sanda har bakin titi, tumbi na rawa.

Alhamis ta gaba na dawo daga rabon itace da la'asar, na tarar da kazata a waje tana masifa, an ture kwandonta gefe. Wannan mutumin yana tsugune a lungu, da ciwon bayansa da komai, ya tone ramina tas, har ya sa sabuwar tukunya. Ga damin ɗalha ɗaya a gefe, mafi kyau cikin kayana, wanda na yi ta nema da safe.

"Wannan kuma na wa ne?"

"Yau ba ni da wurin zuwa," ya ce, yana kallon ƙasa.

Na ce tsofai-tsofai da mu, ka ji kunya mana. Na faɗa ina neman inda na jefa bargon nan tun shekarun baya. Da na fito ya ja sabuwar ƙofar ya kulle, ya ɗauko kujerarsa ya zauna ya ba ni baya, ga jarka biyu cike a gefensa.

"Abu Haisam, ruwan na mene ne kuma?"

"Ruwa ba ya yawa," ya ce. Amma yau ban ga ya sunkuyar da kai ba, hanci ya ɗaga yana jiran ƙamshi.